Babi na 7: Takardar Lissafin Lokacin Biki

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Duk shekara idan biki ya matso sai in ga aji ya ragu, waɗanda suka zo ɗin ma hankalinsu ba ya kan allo. Wannan yana tunanin ɗinkin yara, waccan tana tunanin baƙin da za su sauka, wani kuma kuɗin mota ne ya hana shi barci. Ban ga laifinku ba. Shi ya sa a wannan babi damuwar ce da kanta za mu kwantar a kan takarda. Kowa ya buɗe sabon shafi wanda ba a rubuta komai a kai ba. A ɗauko fensir, ba biro ba, don za mu yi gogewa da yawa.

Darasi na 1: Kwana nawa ya rage?

Ɗauko kalanda. Sunan wata yana can sama. A ƙarƙashinsa akwai ranakun mako guda 7. Kowane ɗan akwati mai lamba a ciki kwana ɗaya ne. Ɗora yatsanka a kan akwatin yau, amma kada ka ƙirga shi. Fara ƙirga daga gobe, ka bi akwati-akwati daga hagu zuwa dama, in layi ya ƙare ka sauko na ƙasa, har ka isa ranar biki. Lambar da ka samu, rubuta ta a saman shafinka.

Akwai bukukuwan da ranarsu ba ta motsi a wannan kalanda. Mafi yawan Kiristoci suna Kirsimeti ran 25 ga Disamba, sabuwar shekara kuma 1 ga Janairu, tsakaninsu mako guda. Sallah kuwa lissafin wata take bi: ƙarama 1 ga Shawwal, babba 10 ga Zulhajji. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana kuma 365 ko 366, don haka kowace shekara Sallah takan riga ta bara da kamar kwana 11. Wanda ya dogara da kalandar bara, biki zai same shi bai shirya ba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Darasi na 2: Layin saura

Wannan shi ne zuciyar babin, a nan za mu daɗe.

Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A kan gidan farko rubuta ABU. A kan na biyu rubuta KUƊI. A kan na uku rubuta SAURA. Saura shi ne abin da ya rage a hannunka bayan ka biya.

Mu ɗauka abin da ke hannunka 100 ne. Lamba ce kawai ta koyo, a gida kowa zai sa tasa. Abin da ke hannunka na ce, ba wanda wani ya yi maka alkawari ba, ba bashin da kake bin wani ba. Rubuta 100 a gidan SAURA, a layin farko.

Abu na farko da za ka cire ba kayan biki ba ne. Kuɗin bayan biki ne, domin washegarin biki ma ciki zai nemi abinci, makaranta kuma za ta buɗe. A gidan ABU rubuta "ajiya". A gidan KUƊI rubuta 30. Cire 30 daga 100, ya rage 70. Rubuta 70 a gidan SAURA.

Yanzu tufafin yara, 25. To a nan nake so kowa ya nutsu. Daga ina za ka cire 25? Daga 70. Ba daga 100 ba. 100 ɗin nan ya tafi, ba ka da shi kuma. Lambar da ke can ƙasa a gidan SAURA, wadda ka rubuta ta ƙarshe, daga ita ake cirewa.

Mu yi tare. Rubuta 70 a sama, 25 a ƙasa, 5 ta tsaya daidai ƙarƙashin sifili. Fara daga dama. Sifili ba shi da 5 da zai bayar, sai ya ari ɗaya a wurin maƙwabciyarsa 7. Sifili ya zama 10, ita kuma 7 ta koma 6. Soke 7 ɗin, ka rubuta 6 a kanta don kada ka manta. 10 a cire 5, saura 5. 6 a cire 2, saura 4. Amsa 45. Wannan aro na kan takarda ne, ba wanda zai zo ƙofar gida ya yi maka sallama a kansa.

Ga yadda shafinka zai kasance:

Abin da ke hannu | ba komai | 100
Ajiya | 30 | 70
Tufafin yara | 25 | 45

Sai cefane, 20. Tsaya. Kafin fensir ya taɓa takarda, ɗora yatsa a kan saura na ƙarshe. Nawa ka gani? 45. Daga 45 za ka cire 20. Ya rage 25. Wanda ya samu 50, daga 70 ya cire. Wanda ya samu 80, ya koma can kan 100. Ba komai, goge ka sake. Ni ma sai da na goge sau da yawa kafin hannuna ya faɗa.

Kuɗin mota na zuwa gaida dangi, 15. Yatsa a kan saura na ƙarshe: 25. A cire 15, saura 10.

Kyautar yara, 6. Ina yatsa? A kan 10. A cire 6, saura 4.

Ga hanyar da za ka kama kanka ko ba malami a kusa. Karanta gidan SAURA daga sama zuwa ƙasa: 100, 70, 45, 25, 10, 4. Kullum raguwa yake yi. In ka ga wata lamba ta fi ta samanta girma, an yi kuskure, domin kuɗi ba ya haihuwa bayan an kashe shi. Wata baiwar Allah a ajinmu ta taɓa zuwa da murna, wai bayan duk sayayyarta saura 85. Da muka duba, kowane layi daga 100 take cirewa. Takarda ta ce akwai kuɗi, jaka ta ce babu. Muka yi dariya tare, ta goge, yanzu ita ke gyara wa na kusa da ita.

Amma fa in faɗa muku gaskiya, na gaji da ganin wannan kuskure a littafin mutanen da muka yi mako uku muna maimaita shi tare. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, gaggawa ce. Mutum ya iya ƙirga canji a ka ba tare da an cuce shi ba, amma ɗora yatsa a takarda ya gagare shi? Wasu kuma sai sun gama sayayyar mako guda sannan su zauna tuno abin da suka saya. Ba haka na koyar ba. Ka biya, ka rubuta, ka cire daga saura na ƙarshe, a ranar. Kuma duk wanda ya sake zuwa mini da biro, ba zan duba aikinsa ba.

Idan saura ya kai sifili alhali akwai abin da ba a saya ba, kada ka taɓa ajiya. Koma sama ka nemi layin da za a rage. Yaro ba ya tuna nawa aka sayi rigarsa, ya fi tuna wanda ya riƙe hannunsa ranar. In ka rage lambar wani layi, to duk saura da ke ƙarƙashinsa sai an sake su ɗaya bayan ɗaya, kowanne daga wanda ke samansa.

Darasi na 3: Gaisuwa da hannunka

Wannan darasin daɗi ne. Zaɓi mutum ɗaya da ke nesa, ka rubuta masa layi uku. Na farko sunansa ko yadda kake kiransa, da babban baƙi a farko: Yaya, Inna, Kawu. Na biyu gaisuwa: "Barka da biki, ina fatan kuna lafiya." Na uku sunanka. A bar fili tsakanin kalma da kalma, kamar faɗin yatsa, a sa aya a ƙarshen jimla. Rubuta a takarda tukuna, sannan ka kwafe a waya in ta waya za ka aika. Ko rubutun ya karkace a aika haka. Wanda ya saba a karanta masa saƙon wasu, bana nasa za a karanta.

Darasi na 4: Rabon aiki

Rubuta ayyukan ranar biki a jere, a gaban kowane aiki sunan wanda zai yi shi. In sunan mutum ɗaya ya fito sau uku, a canja. Galibi uwar gida ce. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, har a daren biki.

Darasi na 5: Bayan biki

Duba ajiya, ka ga ko tana nan yadda ka rubuta.

Aikin gida: fara da 90, cire 25, sannan 18, sannan 30. A zo da littafi da fensir.