Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Kayan Ginin Musayar Tarho da Ƙasa

Kuskure mafi tsada shi ne kafa wa kowane kaya turkensa dabam, wato sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wuta ta bi ta sauka: hasumiyar eriya da nata, janareto da nasa, na'urar sada kira kuma a ware mata wani da sunan kare ta daga hayaniyar lantarki. Idan aradu ta faɗi, ƙasar da ke kewaye da turke ɗaya takan ɗauki dubban bolt alhali ɗayan bai motsa ba, sai wutar ta bi wayoyin sigina don cike gibin, ta ƙone katunan lantarki na na'urorin da ke kan hanyarta. Gyaran shi ne a tattara komai a kan babban fallen jan ƙarfe guda: wayar kariya ta wutar gari, ɓangaren fozitib na batiran bolt 48, rigar ƙarfen kebul a daidai mashigarsa, rodin ginin da bututun ruwa na ƙarfe. Ƙa'idar K.27 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a kan wannan haɗi take magana, kuma a ganina ya fi ƙarancin om (ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta wajen shiga ƙasa) muhimmanci, ko da yake om ne kowa ke tambaya.

Akwai kuma doguwar waya mai lanƙwasa. Ma'aikaci kan naɗe ragowar wayar kamar gammo ya ɗaure a bayan kabad don aiki ya yi kyan gani, bai san ya toshe wa aradu hanya ba. Wutar aradu tana hauhawa cikin 'yan miliyoyin kaso na daƙiƙa, shi ya sa kowace mita ta waya kan iya riƙe dubban bolt komai kaurinta. A yanke rarar, a miƙar da wayar, kwanar da ta zama dole kuma a yi ta da faɗi.

Inda aka tsara na'ura ta sadu da ƙasa ta mahaɗa ɗaya tak, ƙaramin abu ke ɓata tsarin: kusar da ta ratsa dabe ta taɓo rodi, ko tiren kebul da ya jingina da kabad. Daga nan wuta ta sami hanya ta biyu, kira ya riƙa yankewa ba a gano dalili ba. Wajibi ne a sake dubawa duk lokacin da aka ƙara sabon kaya.

Kada a ɗaure waya a kan fenti, a kankare shi tukuna, kuma mahaɗar da za a binne waldar narkakken jan ƙarfe ta dace da ita, domin noti yana saki.

Awon om ma ana kuskurensa. Wanda aka yi a jiƙaƙƙiyar ƙasa yaudara ne, don haka a auna lokacin da ta fi bushewa, da turaku uku, na tsakiya a kashi 62 cikin 100 na tazarar daga turken da ake aunawa zuwa na ƙarshe. Zuba gishiri yana sauke om na ɗan lokaci amma yana cinye turken. Ƙara turaku, da tazarar da ba ta gaza tsawonsu ba, shi ne gyara mai ɗorewa.