Babi na 6: Yadda Ake Zaɓen Unguwar Zama a Legas

Darasi na 1: Rubuta wurin sana'arka tukuna

Ku buɗe littattafanku, kowa ya nemi shafin da ba a rubuta komai a kansa ba. A layin farko na sama, daga hagu, rubuta sunan wurin da kake neman abincinka. Mai sayar da tumatir da albasa ya rubuta Mile 12. Mahauci ya rubuta Oko-Oba, inda babbar mayanka take. Mai dako a tashar jiragen ruwa ya rubuta Apapa. Mai gadi ya rubuta Ikoyi ko Lekki, ko duk inda gidan da yake gadi yake. Ke ma mai sayar da waina ko tuwo, rubuta sunan inda kike kasa tukunyarki. A rubuta sunan kamar yadda yake a allon tasha, harafi bayan harafi, don haka za ku gan shi a titi. In hannu yana rawa ba komai, a hankali za a kai.

Dalilin da ya sa muka fara da wannan suna shi ne, ruwa ya raba Legas. Ɓangare ɗaya shi ne tsibiri da abin da ke bayansa: Idumota, Obalende, Ikoyi, Victoria Island, sai Lekki har zuwa Ajah. Ɗaya ɓangaren shi ne tudun da ke da Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege da Ketu. Manyan gadoji 3 ne suka haɗa su: gadar Carter, gadar Eko, da gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, tsawonta kilomita 11.8. Da safe jama'a suna kwararowa zuwa tsibiri, da yamma su juyo gida, duk ta kan waɗannan gadoji. Wanda ɗakinsa ke wannan gefe, sana'arsa ke wancan gefe, kullum yana cikin wannan turmutsitsi sau biyu.

Baƙon da ya sauka daga Arewa yakan nufi inda 'yan'uwa suke, kuma ba laifi. Agege tsohon mazaunin Hausawa ne, akwai Zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai da makarantun allo. Idi-Araba tana cikin Mushin, kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a nan ma Hausa za ka ji ko'ina. Akwai Mile 12 da Ketu, akwai Obalende, akwai Ijora, akwai Alaba Rago a can Ojo kan hanyar Badagry, akwai Sabo ta Yaba da Sabo ta Ikorodu. Duk waɗannan wurare za ka sami wanda zai amsa maka sallama, ya nuna maka inda ake sayar da fura. Amma jin Hausa a unguwa bai rage maka nisan hanya ba. Wanda ke sana'a a Mile 12 ya kama ɗaki a Alaba Rago don ƙanin babansa na can, ya ɗauko wa kansa wahala.

A ƙarƙashin sunan da ka rubuta, jera sunayen unguwanni biyu ko uku da kake sha'awa. Kowane suna da layinsa. Bar fili a gaban kowanne, za mu cika shi.

Darasi na 2: Gwada hanya ranar aiki

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne muhimmanci a babin nan, kuma a nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Ku natsu.

Kafin ka biya ko sisi a kan ɗaki, sai ka bi hanyar daga ƙofar gidan zuwa wurin sana'arka da ƙafarka da kuɗinka. Za ka yi hakan ne ranar aiki, Litinin ko Talata, a daidai lokacin da ka saba fita. Ba ranar Lahadi ba. Ranar Lahadi titin Legas fayau yake, mota tana gudu, kwandasta yana roƙon fasinja, kuɗin mota ya sauka. Abin da ka gani ranar Lahadi ba shi za ka gani ranar Litinin ba.

Ga yadda ake yi. Tsaya a ƙofar gidan da kake so ka kama. Ciro wayarka, dubi agogo. Za ka ga lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar haka, 6:10. Lambar hagu ita ce ƙarfe nawa, ta dama ita ce mintuna. Rubuta ta a littafinka a nan take, kana tsaye, kada ka ce za ka riƙe a ka. Taka zuwa tasha. Shiga danfo (ƙaramar bas ta haya) ko BRT (babbar bas mai layinta na daban) ko keke napep, duk wadda za ka riƙa shiga kullum. Abin da ka ba kwandasta, rubuta. In ka sauka a Oshodi ka canja wata motar, wannan kuɗin ma rubuta shi a ƙarƙashin na farko. Da ka isa wurin sana'arka, sake duba agogo, sake rubutawa. A ce ka ga 7:55. Daga 6:10 zuwa 7:10 awa 1 ke nan. Daga 7:10 zuwa 7:55 minti 45. Tafiyarka ta ci awa 1 da minti 45.

Da yamma kuma sai ka maimaita, daga wurin sana'a zuwa ƙofar gidan, a lokacin da ka saba tashi. Hanyar dawowa ba lallai ta yi daidai da ta zuwa ba, kuma kuɗin danfo yakan hau da yamma, ballantana in hadari ya haɗo.

Mu sake faɗa tare. Wace rana? Ranar aiki. Wane lokaci? Lokacin da ka saba fita. Me za ka rubuta? Lokacin tashi, kuɗin kowace mota, lokacin isa. Sau nawa? Safe da yamma.

Na san abin da wasunku za su ce: "Malam, ranar Litinin ai ina kasuwa, Lahadi kaɗai nake da sarari." Na ji. To ka roƙi abokin sana'arka ya riƙe maka rumfa na safiya ɗaya. Cinikin safiya ɗaya da za ka rasa bai kai wahalar shekara guda ba, tunda kuɗin shekara za ka biya, kuma in ka biya ba a mayarwa cikin sauƙi. Wani kuma zai ce dillali ya gaya masa minti 20 ne kacal. Dillali so yake ka kama ɗakin. Gani ya kori ji.

Yanzu ga lissafin da ake yi da lambobin da ka rubuta. Waɗannan lambobi na misali ne don koyo, ku sa naku a madadinsu. A ce ɗaki na farko yana nesa, hayarsa naira 250,000 a shekara, kuɗin mota zuwa da dawowa naira 3,000 a rana. In kana fita kwana 26 a wata, 3,000 sau 26 ya ba ka 78,000. Sau wata 12 ya zama 936,000. Haɗa da kuɗin haya, ka kashe 1,186,000. Ɗaki na biyu yana kusa, hayarsa naira 400,000, kuɗin mota naira 600 a rana. 600 sau 26 ya ba ka 15,600. Sau 12 ya zama 187,200. Haɗa da haya, 587,200. Wane ɗaki ne mai araha? Ku dubi lambobin da kyau kafin ku amsa. Wanda sifirin ya rikita shi ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, ba abin kunya ba ne.

Akwai abubuwan da ke rage tsawon hanya, ku lura da su lokacin gwajin. Motocin BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008, suna da layinsu na daban a kan titin Ikorodu, suna bi ta Mile 12 har tashar CMS da ke tsibiri. Jirgin ƙasa na cikin gari mai shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja a 2023 tsakanin Marina da Mile 2. Mai jan layi ya fara a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Da katin Cowry, wato katin da ake zuba wa kuɗi, ake biyan BRT da jiragen, ba da tsabar kuɗi a hannu ba. Ɗakin da ke kusa da ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi ya fi wanda ke can ƙuryar lungu. Kada kuma ka dogara da acaɓa. A 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara da Mushin, Kosofe, Oshodi-Isolo da Shomolu. Masu sana'ar acaɓa a cikinku, wannan magana taku ce tun kafin ta kowa.

Duk da haka, ko tashar jirgi na bakin ƙofarka, sai ka gwada. Ranar aiki. Ka rubuta.

Darasi na 3: Dubi bango, dubi ƙasa

A ajin da ya wuce na ba da wannan aiki na gwajin hanya, aka dawo min da shafuka fayau, wasu kuma suka kawo lokacin ranar Lahadi bayan duk abin da na faɗa. Haba jama'a! Ku manya ne, masu iyali. Wanda bai yi aikin darasi na 2 ba ya koma ya yi shi kafin ya karanta wannan. Litinin ko Talata, safe da yamma.

To, in hanya ta yi maka, sai duba gidan. Legas garin ruwa ne, damina tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. In da rani ka je, gidan ba zai nuna maka halinsa ba sai ka nema. Durƙusa ka dubi gindin bangon waje. In ka ga wani layi mai duhu ko kore ya zagaye bangon, iya gwiwa ko sama da haka, nan ruwa yake kaiwa. In ka ga an ƙara bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa ake shiga, ruwa ake tarewa. In ka ga an jera katakai ko buhunan yashi a tsakiyar lungu, a kansu ake takawa in an yi ruwa. Leƙa kwata ka gani, tana gudu ko ta cushe da leda da robobi. Shiga ɗakin ka ɗaga kai ka dubi silin, tabon yoyo ba ya ɓoyuwa.

Sannan ka tambayi maƙwabci, ba dillali ba. Mai shayi ko mai shagon bakin layi ya fi kowa sani. Yi masa sallama, ka sayi wani abu, ka ce: "Malam, don Allah in an yi ruwan sama yaya layin nan yake?" In dattijo ne ka ce Baba, ka rage murya. Tambaye shi kuma ko ana kulle ƙofar layin da dare, da ƙarfe nawa ake buɗewa, don layuka da yawa a Legas suna da ƙofar ƙarfe da masu gadi, kuma mai fita kasuwa kafin asuba yana bukatar ya sani.

Guji gidan da aka gina a bakin babbar magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko dab da layin dogo, komai araharsa. Irin waɗannan ne rusau ke fara ci. An rushe unguwar Maroko baki ɗaya a 1990, kuma Alaba Rago ma ta ga rusau a 'yan shekarun nan.

Darasi na 4: Kuɗi da rasit

Kada ka ba dillali kuɗin haya a bakin titi. Sai ka ga ɗakin a buɗe, babu kayan kowa a ciki, ka kuma ga mai gidan ko wakilinsa da masu haya a gidan suka shaida. Je da wani wanda ya daɗe a unguwar. Bayan kuɗin haya za a nemi la'adar dillali, da kuɗin takardar yarjejeniya, wani lokaci da kuɗin ajiya saboda ɓarna. A faɗa maka kowanne daban, ka rubuta kowanne a layinsa.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon mai haya, sai dai ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Ta kuma wajabta wa mai gida ya ba da rasit. Karanta rasit ɗin kafin ka tashi: sunanka, adireshin gidan, adadin kuɗin, daga wane wata zuwa wane wata, da sa hannu. In ba ka gane ba, a karanta maka. Ajiye shi cikin leda.

Darasi na 5: Wuta, ruwa da shara

Tambayi ko mita mai kati ce ko bil ake kawowa a raba. In bil ne, a nuna maka na watan da ya wuce, don kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Tambayi inda ake samun ruwa, rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa, ka ɗanɗana ko da gishiri. Akwai kuɗin shara da na masu gadi kowane wata. Ƙirga ɗakunan gidan, ƙirga banɗakuna.

Darasi na 6: Masallaci, makaranta, asibiti

Ku duba ko suna kusa. Wannan kun san shi.

Aikin gida: a kawo littafi mako mai zuwa da sunan unguwa ɗaya, da lokacin tashi, lokacin isa, da kuɗin mota na safe da na yamma. A rubuta sunan ranar a saman shafin, zan duba.