Kafin a Fito Titi: Yadda Ake Sa Hukuma Ta Saurara a Kaduna

Kafin a rubuta kwali ko a kira taro, a fara gano wanda alƙalamin ke hannunsa. Kwata da ta toshe a Rigasa, ko asibitin unguwa da ba magani, maganar ƙaramar hukuma ce da ma'aikatun jiha. Kuɗin fetur kuwa, ko an kwana a ƙofar Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnan jiha, ba zai sauka ba.

Takardar koke ta fi komai araha, ita kuma aka fi ɓatawa. Shafi ɗaya, buƙata ɗaya, da sunan layi, da hoto, da wa'adi. A yi kwafi biyu, a kai wa ɗan majalisar mazaɓa ko ofishin akawun majalisa a Lugard Hall, kada a tashi sai an buga hatimin karɓa a kwafinku. Wadda ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba. In kuna son sanin abin da aka ware wa aikin, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Da wannan takardar ake shiga shirin kiran waya a rediyo.

Zanga-zanga haƙƙi ce a sashe na 40 na tsarin mulki, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba sai da izinin 'yan sanda ba. Duk da haka a rubuta wa kwamishinan 'yan sanda sanarwa: rana, hanyar da za a bi, lokacin watsewa. A sa masu tsare layi da riga mai alama, kamar ɗaya ga mutum 20, lauya kuma yana kusa da waya. A kauce wa bakin kasuwa, a watse kafin la'asar, don da yamma ɓata-gari ke shigowa. Abin da ya keɓanta da garin nan: jagorori su fito daga arewa da kudancin kogin Kaduna, in ba haka ba wani zai shafa wa tafiyar fentin addini kafin azahar.

A Janairun 2012 buƙata ɗaya ce, ga ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da aiki, sai litar fetur ta sauko daga naira 141 zuwa 97. A Agustan 2024 buƙatu sun yi yawa, ba takamaiman wanda za a zauna da shi; aka fasa wurare, aka ƙare da dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya.

Kiranye dai kada ya ruɗe ku. Sai fiye da rabin masu rajistar mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance su, sannan ƙuri'ar raba gardama. A matakin tantancewar nan yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye ya mutu a 2018.