Kafin Ka Kwashi Takardar Tambayoyi Ka Nufi Birni

Da na kai aji huɗu a sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, na zaɓi yin furojek a kan mata masu ɗinkin hannu na manyan riguna a cikin birnin Zariya. Na buga takardar tambayoyi tuli guda, na sauka a Ƙofar Doka, ina ganin sati ɗaya ya ishe ni. Gidan farko da na yi sallama, wani dattijo ya fito zaure, ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ya ce, "Samari, wa ya aiko ka?" Na yi tsuru-tsuru. Yadda na zo da takarduna haka na koma da su.

Saboda haka fara neman wanda zai aike ka. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashe, amma ka sani ba ita ke buɗe zaure ba, mai unguwa ne. Je ka same shi bayan La'asar, ka cire takalmi, ka yi gaisuwa a natse, "Ranka ya daɗe," sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka nanata cewa karatu ne, ba rajistar tallafi ba. In aka ɗauka tallafi ne, to duk unguwar babu mai sana'a, kowa marayu yake riƙo, kai kuma ka rubuta ƙarya da hannunka.

In kai namiji ne, zaure ne iyakarka. Wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, matarsa Mary ce ta zauna da wata tsohuwa ta rubuta labarin rayuwarta da Hausa, shi ne ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Ni ma sai da na roƙi wata 'yar ajinmu ta riƙa shiga cikin gida, ni ina waje da masu ba da aikin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yadda ake tambaya. Kada ka ce, "Nawa kike samu a wata?" Amsar ita ce "Alhamdu lillahi," ta kuwa gama magana. Tambayi nawa ake biya a kan zanen ɗinkin da ake kira aska biyu, nawa a kan aska takwas, kwana nawa kowanne ke ci, wa ke sayen zare, wa ke kai rigar. Lissafin kai za ka yi a ɗaki. Haka shekaru. Tsohuwa ba za ta ba ka lamba ba, amma ta san ko an yi mata aure kafin a daina kashe fam da sule, wato 1973, ko tana goyon fari lokacin da Shehu Idris ya hau sarautar Zazzau a 1975. Ƙidaya 'ya'ya kuwa, lallaɓa. Da yawa ba sa so, ɗan fari ma ba a kama sunansa.

Kada ka kunna rikodar waya a ɓoye. Nemi izini, in an ƙi ka haƙura da biro, sunaye kuma ka sauya su a rubutunka.

Duk abin da ka ji, rubuta shi a daren nan kafin ka kwanta, da Hausar da aka faɗe shi, har da wanda ya shigo ana hira aka yi shiru. Na taɓa bari sai Asabar, hirar gida uku ta cakuɗe mini, na rasa wace ce ta ce dillaliya ke cinye ribar. Dole na sake komawa wurin mai unguwa, da goro a hannu.