Zuwa Mambila da iyali ba tare da aljihu ya ji jiki ba

Jama'a, mai niyyar kai iyali tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ya bari sai rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina hanyar santsi gare ta, ga hazo. Ku haɗu gida biyu a mota ɗaya ku raba kuɗin mai, a cika tanki tun Jalingo, a ƙara a Serti, don a sama mai ya fi tsada.

Hawan yana farawa daga Mayo Selbe, a yi shi da rana. Wajen saukowa direba ya sa giya ta biyu, kada ya dinga danne birki: in ya yi zafi daina kamawa yake. Wannan ba abin wasa ba ne.

Gembu, babban garin da ke saman tsaunin, akwai sanyin dare sosai, a ɗauko wa yara rigunan sanyi da bargo daga gida. Ku riƙe tsabar kuɗi, sabis yakan ɗauke.