Yadda ake tantance dutsen daɓe na laimiston da aka shigo da shi daga waje

Mai sayarwa zai fara gaya maka ƙasar da dutsen ya fito: wannan ɗan Indiya ne, wancan ɗan Masar, ga na Fotugal. Sunan ƙasa kuwa ba ya nuna ko daɓen zai daɗe. A Indiya kaɗai akwai dutsen Kota na jihar Rajastan, da na Tandur a Telangana, da baƙin nan na Kadapa a Andhra Pradesh, kuma kowanne da halinsa. Ko a ramin haƙa guda, dutsen da aka ciro daga sama yakan bambanta da na can ƙasa. Abin dubawa shi ne yawan ruwan da dutsen ke sha, da kaurinsa, da yadda za a shimfiɗa shi.

Da farko ka san abin da kake saye. Laimiston dutsen farar ƙasa ne, sinadarin kalsiyam kabonet ne mafi yawa a jikinsa. A ma'aunin tauri na Mohs yana wajen 3, dutsen giranait mai tauri kuwa 6 zuwa 7 ne. Yana saurin karcewa, kuma duk wani abu mai tsami yana cin sa. Wanda ke son daɓen da ba zai taɓa sauya kama ba, gara ya nemi wani dutsen tun yanzu.

Na biyu, nemi takardar gwaji. Kayan da aka yi domin kasuwar Turai ana gwada su a kan ƙa'idar EN 1341, wadda ta shafi falalen dutsen daɓe na waje. Amurka kuma tana da ASTM C568, wadda ta kasa laimiston gida uku: mara nauyi, da matsakaici, da mai nauyi sosai. Na farkon an yarda ya sha ruwa har kashi 12 cikin 100 na nauyinsa, na biyun kashi 7.5, na ukun kada ya wuce kashi 3. Don daɓen waje, na ukun nan za ka nema. Ka kuma duba cewa sunan dutsen da ke takardar shi ne na wanda ake nuna maka, domin ana iya miƙa maka takardar wani dutse daban.

Na uku, karɓi samfuri ka gwada da kanka. Wannan ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Shanya samfurin ya bushe sarai, ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyinsa. Nutsa shi cikin ruwa na awa 48, ka ciro, ka goge jikinsa da tsumma, ka sake aunawa. Idan giram 1,000 ya koma 1,020, ya sha kashi 2 ke nan, ba laifi. Idan ya haura 1,060, dutsen zai riƙa shan mai da dauɗa, gansakuka za ta kama shi da wuri, a inda ake ƙanƙara kuma ruwan da ya sha zai daskare ya kumbura ya fasa shi daga ciki. Tun yana jiƙe ka taka shi ka ji ko yana da santsi. Wanda aka goge har yana ƙyalli na cikin ɗaki ne. A waje ana son mai ɗan kaushi.

Ƙwanƙwasa falalen da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana ba da ƙara mai kaifi, mai tsaga a ɓoye kuwa sai ka ji sautinsa a dushe. Duba gefensa kuma: idan ka ga siraran layuka masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar haƙoran zarto, sau da yawa laka ce a ciki, kuma ta nan dutsen ke ɓarewa bayan ya sha ruwa ya bushe sau da dama.

Batun launi na buƙatar haƙuri. Baƙin Kadapa yana da kyau ranar da aka sauke shi, amma rana da ruwan sama kan mayar da shi ruwan toka. Wannan halinsa ne, ba algus ba. Ka ajiye samfurin a waje na 'yan makonni kafin ka biya kuɗi.

Na huɗu, kauri. Inda ƙafa kawai za ta taka, milimita 20 zuwa 22 ya isa. Inda mota za ta hau, a nemi mai kauri sosai da ƙananan falale, domin faffaɗan siriri ba ya jure nauyin taya. Ka fi son wanda aka daidaita kaurinsa da inji, ya fi sauƙin shimfiɗawa. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da ka auna saboda yanka da fashewa a hanya, kuma ka saya gaba ɗaya, don kayan da za su zo daga baya da wuya launinsu ya yi daidai da na farko.

Na biyar, tsaya a kan magini. Daɓe da yawa da ake zagin dutsensa, aikin ne ya kashe shi. A zuba tsakuwa mai kaurin milimita 100 ko fiye, a daddanne ta da inji. A ba wurin ɗan gangare, kamar santimita 1 a kowace 60, ruwa ya riƙa gudu nesa da bango. Kwaɓin siminti ya cika ƙarƙashin kowane falale baki ɗaya. Kada ka yarda da ɗiga kwaɓi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, don ramin da ya rage ruwa zai tara, tabonsa ya fito a sama, falalen ya riƙa motsi. A shafa ruwan siminti mai gam a bayan dutsen kafin a kwantar da shi. Idan dutsen fari ne, a yi amfani da farin siminti da yashi wankakke. A riƙa ɗauko falale daga akwatuna daban-daban domin launin ya gauraya.

Bayan an gama, kada kowa ya wanke ragowar siminti da asid, nan take zai ƙone fuskar dutsen kuma ba ya gyaruwa sai an sake gogewa. Haka ruwan khal da na lemun tsami. Ruwa da sabulu mara ƙarfi da buroshi sun isa. In za a shafa maganin hana tabo, a bari daɓen ya bushe sosai, a zaɓi mai shiga jikin dutse wanda ke barin danshi ya fita, a kuma fara gwada shi a falale guda a gefe.