Ga 'yan'uwa 'yan Nijar da suka sauka Kaduna: lissafin yara a tsakar gida

Iyalin da ya taso daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya sauka Kaduna ba ya jin baƙunci a baki. A Rigasa, Tudun Wada, Unguwar Sanusi ko Kawo, Hausar da kuka zo da ita za ta samo muku ɗakin haya, ta saya muku gawayi, ta haɗa ku da maƙwabta. Baƙuncin yana bayyana ne ranar da aka kai yaro makaranta. Yaron da mushe, wato malaminsa, yake yabo a lakwal, makarantar boko ta Nijar, sai a miƙa masa takardar gwaji da Turanci, ya yi zuru, a ce bai san komai ba, a mayar da shi baya aji ɗaya ko biyu. Abin yana yi mini ciwo, domin sau da yawa lissafin yana nan daram a kansa. Harshe ne ya canza, da yadda ake rubuta lambobi, da kuɗin da ake ƙirgawa. Waɗannan ukun kuwa ana iya gyara su a gida, da abin da ke ɗaki da madafa.

Ku fara da sanin ajin da ya dace da ɗanku. Firamare shekara shida ce a ƙasashen biyu. Ajin CI na Nijar shi ne aji 1 a nan, CP aji 2, CE1 da CE2 aji 3 da 4, CM1 da CM2 aji 5 da 6. Shekarar karatu a Najeriya tana farawa a Satumba, zango uku ce, don haka wanda ya iso a tsakiyar zango yakan zauna gida na wasu makonni kafin ya samu kujera. Kada makonnin nan su tafi a banza.

Kuɗi ne wurin da na fi so a daɗe, domin a nan yaron Nijar yake da wata baiwa da iyayensa ma ba su lura da ita ba. Tun yana ƙarami yake ƙirga kuɗi da dala, wato sefa 5. Ya san dala goma ita ce ƙwandalar da aka rubuta wa 50, dala ashirin ita ce 100, dala ɗari ita ce 500. Ke nan kullum aka aike shi sayen kuka ko daddawa yana ninka lamba sau biyar a ka, ba tare da alli ba. Abin da ɗan Kaduna yake rerawa a aji yana haddacewa, shi ya riga ya iya shi a kasuwa. Ku nuna masa hakan. Uwa ta ce dala bakwai, shi ya jera tsakuwa biyar-biyar kashi bakwai ya ƙirga, ya ga 35, ya rubuta 7 × 5 = 35. Daga nan jadawalin sau biyar ya zama nasa, na sau goma kuma ninkinsa ne kawai.

Amma baiwar tana da tarko. A Kaduna idan mai shago ya ce ɗari, 100 yake nufi, abin da ke rubuce a jikin takarda shi ake faɗa. Yaron da kunnensa ya saba da dala zai iya jin ɗari ya kawo 500 a ransa. Haka jika ko jaka: a Nijar sefa 1000 ce, a nan kuwa idan dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi, saboda a 1973 da naira ta maye gurbin fam an canza fam ɗaya a kan naira biyu, jaka kuma fam ɗari ce. Maganin wannan shi ne shagon wasa. Ku yanka kwali ku yi takardun naira takwas ɗin nan: 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000. Yaron da kansa zai rubuta lambobin, yana duba na gaske. A nan zai ga Tafawa Ɓalewa a kan naira 5, Murtala a kan naira 20, Sardauna a kan naira 200, ya gane abin da ake nufi in an ce masa kawo Murtala ɗaya. A jera gwangwanin madara, kwalin ashana, ledar omo da ta ƙare, kowanne a liƙa masa farashi. Uwa ta zo saye, ta ɗauki na 350 da na 120, ta miƙa 500. Shi ne mai shago, shi zai haɗa, shi zai ba da canjin 30, ya kuma nemo takardun da suka yi 30 ɗin. Wata rana ta ba shi canji ba daidai ba da gangan, a ga ko zai kama. Yara suna son wannan ƙwarai, kuma wanda ya taɓa kama uwarsa da giɓin naira 50 ba ya sake karɓar canji bai ƙirga ba.

A faɗa masa akwai kwabo, ɗari ke yin naira ɗaya. Ba zai gan shi a hannun mutane ba, amma zai gamu da shi a littafin makaranta.

Sai rubutu. A lakwal ana rubuta biyu da rabi da waƙafi, 2,5. A nan da ɗigo ake rubutawa, 2.5, waƙafi kuwa aikinsa raba dubbai. Saboda haka 1,500 a allon Kaduna dubu ɗaya da ɗari biyar ne, alhali yaronku zai karanta shi ɗaya da rabi. Wannan ƙaramin abu kaɗai ya isa ya sa malami ya ja jan biro a kan amsoshin da duk daidai suke. A rubuta farashin shagon wasan nan da waƙafi irin na nan, ₦1,500, ₦2,250, har idonsa ya saba. Rabawa ma shimfiɗarta daban ce. A tsarin Faransa lambar da ake rabawa tana hagu, mai rabawa yana dama, amsa a ƙarƙashinsa. A nan mai rabawa ne a hagu, amsa a sama. Kada ku ce ya watsar da tasa hanyar. Ya yi lissafi ɗaya sau biyu, hagu da dama a shafi guda, ya ga amsa ba ta canza ba. Ku roƙi ɗan maƙwabta da ke aji 5 ko 6 ya zauna da shi ya nuna masa shimfiɗar nan, ku ba shi ɗan tukuici. Wannan zaman yana kawo abota, wadda yaro baƙo yake bukata ko da ba lissafi.

Ga ƙanana, 'yan CI da CP, tsintsiya ɗaya ta wadatar. A kakkarya tsinkenta daidai tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da roba ko zare. Sun riga sun san irin wannan daga lakwal, don haka ba baƙon abu ba ne. A shimfiɗa tabarma, dama wurin ɗaiɗai, hagu wurin ƙulli. A ce masa ajiye 52: ƙulli biyar da tsinke biyu. Ɗebe 27. Zai miƙa hannu ya ɗauki bakwai ya tarar biyu ne kawai a gabansa. Kada a gaya masa abin da zai yi. A bar shi ya yi ta kallo, har hannunsa ya kai kan ƙulli ɗaya ya kwance robar. Yanzu yana da ƙulli huɗu da tsinke goma sha biyu. Ya cire bakwai, ya cire ƙulli biyu, saura 25. Abin da malaman nan suke kira aro ke nan, inda ake soke 5 a rubuta 4 a samansa. Wanda ya kwance ƙulli da hannunsa ya san dalilin sokewar, ba ya rikicewa ko da wane harshe aka tambaye shi. Da ƙullin nan ake koyon rabawa ma: ƙulli takwas da tsinke huɗu a raba wa mutum huɗu, kowa ya tashi da 21.

Awo ba ya bukatar dogon bayani. Ledar ruwan da ake sayarwa a titi rabin lita ce, biyu ke cika lita, uku ke cika gorar lita ɗaya da rabi. A ba yaro mazurari da gora ya zuba ya gani. A tambaye shi leda nawa za ta cika jarkar lita 25, ya fara cinka, sannan ya lissafa. A madafa kuma ga mudu, wanda a nan ya fi tiya yawo a baki. Ya auna gwangwani nawa ke cika mudun gidanku, daga nan rabi da kwata su fito da kansu.

Tef ɗin tela ya fi waɗannan muhimmanci, kuma ba shi da tsada. Fuska ɗaya santimita, ɗaya inci. Littafin makaranta a nan da mita da santimita yake aiki, kamar a Nijar, amma kasuwa da yadi take magana, magina da inci da ƙafa. Yadi inci 36 ne, kimanin santimita 91, bai kai mita ba. Turmin atamfa yadi shida, wato ya kusa mita biyar da rabi. Idan za ku Kasuwar Barci ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayen yadin makaranta, ku tafi da yaron da tef ɗinsa a aljihu. A gida ya auna ƙofa, tabarma, tsawon ƙaninsa, ya rubuta kowanne da ma'auni biyu. Agogo ma haka: lokaci ɗaya ne a Yamai da Kaduna, amma shi ya saba da 15h, a nan kuwa 3 na yamma ake rubutawa. A zana fuskar agogo a murfin bokiti, a yi hannaye da kwali, a riƙa tambayarsa lokutan salla da duka hanyoyin biyu.

Ninkawa tana cikin kiret ɗin ƙwai, layi biyar gida shida, 30. Haka ramukan dara suke, kuma kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Maigida da ya haƙa dara a ƙofar gida ya zauna da ɗansa bayan la'asar ya koya masa tsara tunani da hangen gaba, kuma ba wanda zai kira wannan zaman karatu. 'Yan mata su ma a zauna da su. Na sha ganin an bar yarinya da tallar goro ko rainon ƙanne an ce ita sai an natsu, alhali ita ce ta fi kowa saurin canji a gidan.

Turanci kuma a bar shi ya zo a ƙarshe, a kan abin da hannu ya riga ya taɓa. A yi lissafin da Hausa, a tabbatar ya zauna, sannan a sa masa sunan Turanci. Yaron da ya iya cewa tamanin da Faransanci, inda ake kiranta ashirin huɗu, casa'in kuma ashirin huɗu da goma, ƙirgar Turanci ba za ta gagare shi ba. Inda take da santsi shi ne tsakanin fiftin da fifti, sikistin da sikisti, domin a kunnen baƙo kusan ɗaya suke. A nan ma ƙullin tsintsiya ne magani: ɗan maƙwabta ya faɗi lambar, yaronku ya ajiye ƙulli ɗaya da tsinke biyar, ko ƙulli biyar. Bayan lambobi, kalmomin da ake bukata ba su da yawa: na tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, saura nawa, duka nawa. A rubuta su a kwali da Turanci, Faransanci da Hausa, a manna a bango.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ja baya. Wadda take raba cefanen yini, take adashi, take sanin ribar ƙosai tun kafin mai ya huce, ta fi ƙarfin lissafin aji 3. Nata shi ne ta yi tambaya ta jira amsa, rubutun kuma yaro ya yi. Rabin awa a rana ya isa, da safe kafin rana ta yi zafi ko tsakanin dawowa daga Islamiyya da magariba. Ina roƙonku da Allah a ajiye bulala a wannan zaman. Yaron da ya bar abokansa da garinsa yana ɗauke da abin da ya ishe shi, kuma tsoro yana kulle kai.

Duk abin da ya lissafa ya shiga littafi ɗaya, da kwanan wata a saman kowane shafi. Ranar da za ku wurin hedimasta, ku riƙe littafin nan tare da takardar haihuwa da katin sakamakonsa na lakwal. Ku gaishe shi, ku yi masa bayanin cewa CE2 aji 4 ne, sannan ku roƙa cikin ladabi a gwada yaron da lambobi zalla a kan allo, ko a karanta masa tambayar da Hausa, kafin a yanke ajin da za a sa shi. Malamai da yawa a Kaduna Hausawa ne ko suna jin Hausa, kuma idan suka ga shafukan da yaro ya cika da hannunsa sukan saurara.